Daga Azurfar Ingila Zuwa Jakar Kasuwar Gulma

Har gobe in dattawan garin Gulma suka zauna tuna farashin da, da fam da sule suke lissafi: saniya fam kaza, buhun shinkafa sule kaza. Cikakken sunan wannan fam a wurin masu shi shi ne fam sitalin, abin da Turawan Ingila ke rubutawa sterling. Kalmar abu biyu take nufi a harshensu. Sunan kuɗin ƙasarsu ce, kuma sunan azurfa ce mai wani ƙayyadadden inganci: kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, sauran 7.5 galibi jan ƙarfe, don zallar azurfa ta cika laushi, ba ta jure yawo daga hannu zuwa hannu.

Haɗuwar ma'anonin biyu ba abin mamaki ba ne, domin tun asali azurfar ita ce kuɗin. Fam sunan ma'aunin nauyi ne. A daurin farko, nauyin fam guda na azurfa shi ake bugawa ya ba da kwabo 240, daga nan aka samu lissafin da kakanninmu suka haddace: kwabo 12 sule, sule 20 fam. Kalmar sitalin kuwa ta fara bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 11, bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Galibin masana harshe sun fi karkata ga cewa ma'anarta 'yar tauraruwa, saboda wasu kwabban azurfa na wancan zamani suna ɗauke da zanen tauraro. An daɗe ana yaɗa cewa daga sunan fataken Jamus masu zuwa daga gabas ta fito, amma wannan zance bai tsaya da ƙafarsa ba, tunda kalmar ta riga fataken shahara a Ingila.

Mu a nan ba daga azurfa sunan kuɗinmu ya fito ba. Kuɗi, ko kuɗɗi kamar yadda Kabawa ke faɗa, jam'in wuri ne, wurin nan da ake kwasowa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya. Shi ya sa muke cewa an biya wuri na gugar wuri. Bature awo ya yi wa kuɗinsa, Bahaushe ƙirga nasa ya yi, zambar kaza, keso kaza. Azurfa kuwa, wadda sunanta ma daga Buzaye muka aro shi, kayan ado ce da ajiya. Wadda ta fi yawo a kasuwanninmu ita ce dala mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Teresa, da ake ta sake bugawa da shekarar 1780 a jiki. Lokacin da Baturen matafiyi Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Da yawan dalolin sun ƙare a kitson matan Fulani, ko a tukunyar maƙeran fari, sun koma mundaye da zobba.

Da Turawa suka kafu a ƙasar Kabi a farkon ƙarni na 20, zamanin Sarki Sama na Argungu, haraji ne ya tura sitalin cikin ƙauyuka. Masunci ko manomin fadama da ba ruwansa da sule, tilas ya neme shi ranar biyan haraji. Sunayen sai suka narke a bakinmu: sule, sisi, taro, kwabo. Ƙaraminsu anini, goma ke yin kwabo, an fara buga shi a 1907. Duk wanda ya taɓa riƙe shi zai tuna hudar tsakiya da ake zura zare, da rubutun Larabci a jiki, da tauraro mai kusurwa shida. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, a shekarar da ta biyo baya ta fito da sule mai hoton bishiyar kwakwa, na azurfar sitalin sosai.

Abin bai yi ƙarko ba. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, sai a 1920 Ingila ta rage ta kuɗinta zuwa rabi, namu kuwa a shekarar aka mayar da su tagulla. A 1947 Ingila ta cire azurfa daga kuɗinta kwata-kwata. A ganina, mutanen da suka riƙa ɓoye tsofaffin sulalla a tukunya suna kashe sababbin, waɗanda ake yi wa kallon ƙauyawa, sun fi kowa gane abin da ke faruwa.

Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da fam ɗin ƙasa a 1959, sannan ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta shigo: fam ɗaya naira biyu, sule kwabo goma. Sai dai baki bai bi doka ba. Jaka, wadda a da fam ɗari ce, ta zama naira 200, kuma da ita ake ciniki har yau. Mai kifi a Argungu ya ce maka jaka biyar, dubu guda yake nufi. Ka gangara Kamba ka tsallaka Gaya ta Nijar, can dala ce ke mulki, amma sefa biyar ce kawai, jikka kuma sefa dubu. Sabon baƙo a kan iyaka ya kan sha ruɗu a nan.

Inda sitalin ta ci gaba da nufin azurfa shi ne wurin masu kayan ado. Zoben da ke ɗauke da lamba 925 a cikinsa yana da'awar wancan tsohon inganci ne. Da'awa dai na ce, domin ana buga lambar a kan farin ƙarfen da aka yi wa ruwan azurfa. Azurfar gaske maganaɗisu ba ya kama ta, kuma in ta jima tana yin baƙi-baƙi wanda gogewa ke cirewa. Wannan gwaji bai isa shi kaɗai ba, tunda tagulla ma maganaɗisu ba ya kama ta, don haka mai sayen zobe mai tsada ya kai wa maƙerin fari ya kankare gefe ya duba kafin ya biya.