Tsohon Gida Da Ƙofofi A Kulle: Daɗi Da Takaicin Wasannin Binciken Sirri A Kwamfuta

Akwai wani rukuni na wasannin kwamfuta da ba a harbe-harbe a cikinsa, ba a tseren mota, ba a zura ƙwallo a raga. Abin da ake damƙa maka shi ne tsohon gida, da labarin wani da ya mutu ta hanyar da ba a gane ba, da ƙofofi barkatai a kulle. Aikinka ka zaga ɗaki-ɗaki, ka jawo durowa, ka karanta wasiƙun waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ka yi wa rayayyu tambayoyi, har ka tono abin da aka binne. Ana kiransu wasannin kasada na gotik. Ina cikin masu ƙaunarsu sosai, kuma wannan ƙauna ce ta sa nake jin zafin lahanin da ya daɗe yana bin su.

Asalin salon daga littattafai ne. A 1764 wani Bature ɗan Ingila, Horace Walpole, ya fitar da The Castle of Otranto, wanda ake ɗauka a matsayin littafin gotik na farko. Bayansa aka sami Frankenstein na Mary Shelley a 1818 da Dracula na Bram Stoker a 1897. Kayan haɗin ba su cika sauyawa ba: katafaren gini na dutse da ya fara rugujewa, dangi masu dukiya da rufin asiri, da laifin da kakanni suka aikata ya sauko kan jikoki. Kwamfuta ta ɗauki wannan gado tun tana jaririya. A 1980 Roberta Williams da mijinta Ken suka fitar da Mystery House a kan na'urar Apple II a Amurka. Zanensa layuka ne kawai a kan baƙin allo, kuma mai wasa yana rubuta umarni ne da kalma biyu, amma ya shiga tarihi a matsayin wasan kasada na farko mai hotuna. Labarinsa kuwa na tsohon gida ne da ake kashe mutanen cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin ma'auratan ne ya zama Sierra On-Line. Daga baya linzamin kwamfuta ya maye gurbin rubutu: ka nuna abu ka danna, jarumin ya duba shi, ko ya ɗauka ya zuba a jakar kayansa.

Kai ne za ka buɗe ƙofar

Babban ƙarfin waɗannan wasanni, a ganina, shi ne ba sa barinka ka zama ɗan kallo. A fim ɗin tsoro kana iya rufe ido, jarumin ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba da yawunka ba. A nan kuwa idan ba ka danna ba, ba wanda zai sauka.

Wasan da ya fi nuna mini haka shi ne Scratches, wanda Agustín Cordes da abokin aikinsa suka yi a Ajantina, ya fito a 2006. Kai ne Michael Arthate, marubucin labaran tsoro da ya sayi wani tsohon gida a arewacin Ingila a 1976 don ya sami natsuwar rubutu. Ka iso ka tarar babu wuta. Babu kowa a gidan. Muryar ɗan adam sai ta tsohuwar wayar tarho, kamar idan ka kira abokinka Jerry. Ranar farko tana ƙarewa ne a buɗe-buɗen akwatuna da karanta takardun tsohon mai gidan, James Blackwood, wanda aka zarga da kashe matarsa. Sai dare ya tsala, wani sauti ya tashe ka, kamar ana kartar bango da farce daga can ƙasa. Wasan ba ya tura ka. Ka fito daga ɗaki, katakon bene yana kuka a ƙarƙashin ƙafarka, ka bi sautin yana ƙara kusantowa, har ka tsaya a bakin ƙofar da ke sauka wurin tukunyar ɗumama gida. Alamar hannu tana kan ƙofar, ɗan yatsanka yana kan linzami, ka san babu abin da zai fito daga kwamfuta ya kama ka, amma ka kasa dannawa. Ba a nuna maka dodo ba, ba a watsa maka jini ba. Shiru da sauti da jinkiri ne suka yi aikin, sauran kuma zuciyarka ta cike.

Ƙarfi na biyu shi ne ilimin da ake saƙawa cikin labarin. A nan babu kamar Jane Jensen, wadda ta rubuta Gabriel Knight: Sins of the Fathers da Sierra ta fitar a 1993. Gabriel marubuci ne mai shagon tsofaffin littattafai a birnin New Orleans, yana bin diddigin wasu kashe-kashe masu alamun tsafin budu. Labarin ya kasu kwana goma, kuma wuraren da kake zuwa na gaske ne: dandalin Jackson, maƙabartar St. Louis, da jami'ar Tulane inda kake zama ka saurari lacca. Akwai inda sai ka gane cewa makaɗan da ke zaune a dandali saƙo suke aikawa da ganga, ka nemo littafin da zai fassara maka kiɗan. Duk wanda ya taɓa jin kalangu yana kiran sunan mutum a wurin biki zai fahimci wannan nan take. Irin wannan wasa ƙwaƙwalwa nake so, domin warware shi yana ƙara maka sanin duniyar da kake ciki. Wasa na biyu a jerin, The Beast Within na 1995, ya kai labarin Jamus, ya haɗa tatsuniyar mutanen da ke rikiɗa su zama kerkeci da tarihin Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya da mawaƙi Richard Wagner. Mutum yana gama shi ya ji yana son ya ƙara karanta tarihin na ainihi.

Ƙarfi na uku ya fi sauran zurfi. Mugun da ake nema a waɗannan labarai sau da yawa ɗan gida ne. A The Black Mirror, wanda kamfanin Future Games na Jamhuriyar Cek ya fitar a 2003, Samuel Gordon ya koma gidan gadonsu a Ingila a 1981 bayan shekara 12, saboda kakansa William ya faɗo daga hasumiya ya mutu. Kowa a gidan yana so a rufe maganar, shi kuwa ya ƙi. Duk takardar da ya buɗe tana kai shi ga wata la'ana da ta bi zuriyarsu tsawon ƙarnuka. Ba zan ɓata wa mai karatu ƙarshensa ba, sai dai in ce tambayar da wasan ke bari a zuciya babba ce: shin abin da iyaye suka shuka dole 'ya'ya su girba?

Inda takaicin yake

Duk da haka, da wuya ka sami mai son waɗannan wasanni da bai taɓa kashe kwamfuta cikin fushi ba. Matsala ta farko ita ce farautar ɗigo. Mai zane ya zana ɗaki mai duhu don ya tsorata ka, sai mabuɗin da kake buƙata ya zama ɗan ɗigo a cikin wannan duhun. Sai ka koma kana share allo da linzami, layi-layi, kana jiran alamar ta sauya. A lokacin ba bincike kake yi ba, kuma tsoron da aka sha wahalar ginawa ya riga ya watse.

Ta biyu ita ce ɓoyayyen sharaɗi. Scratches ɗin da na yaba, a ranar farko yana sa ka neman kyandir, kuma lokaci ba zai matsa ba sai ka leƙa wuraren da wasan ya ƙaddara, ko da ka riga ka gane babu kyandir a gidan. The Black Mirror kuma yana da al'adar sa wani ya ce maka ka dawo an jima, sai ka yi ta kai-komo ba tare da sanin abin da zai sa an jiman ta zo ba. A tsofaffin wasannin Sierra har ana iya wuce wani abu a baya, a ci gaba da wasa, sai can gaba a tarar hanya ta toshe babu komawa. A lokacin kamfanin yana sayar da littattafan jagora, yana kuma da layin waya na biya don ba da amsa, abin da ke nuna yadda maƙalewa ta zama ruwan dare.

Ta uku, kuma mafi muni, ita ce wasa ƙwaƙwalwar da ba ta bin hankali. Misalin da ya fi shahara yana cikin Gabriel Knight na uku, na 1999, wanda labarinsa ke ƙauyen Rennes-le-Château a Faransa. Gabriel yana son hayar babur, wanda ya rage kuma an ajiye wa abokinsa Mosely, don haka sai ya yi shigar burtu. Ga matakan: ka manna salatif a bakin wani rami a jikin rumfa, ka fesa wa wata baƙar kyanwa ruwa ta ruga ta cikin ramin, gashinta ya maƙale a salatif, ka shafa ruwan zaƙi mai danƙo ka liƙa gashin a leɓenka ya zama gashin baki. Shi Mosely kuwa ba shi da gashin baki, don haka sai ka sace fasfonsa ka zana masa da alƙalami. Babu mai bincike da zai yi wannan tunani. A shekarar 2000 mai sharhin wasanni Erik Wolpaw ya yi rubutu a kai, yana kafa hujja da shi cewa irin waɗannan wasanni su suka kashe kasuwarsu da hannunsu. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne a cikin wannan wasa ɗin akwai Le Serpent Rouge, dogon wasa ƙwaƙwalwa na taswira da lissafin siffofi da mutane da yawa ke sa shi a sahun mafi kyau da aka taɓa yi. Gashin kyanwa ya rufe masa suna.

Akwai kuma takaicin da ɗan Afirka zai ji fiye da kowa. A Scratches, abin da ake ɗora wa zargin la'anar gidan wani abin rufe fuska ne da Blackwood ya kwaso daga kudancin Afirka. A Gabriel Knight na farko, tushen sharrin yana kai ka har maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin, cikin wani tudun macizai na ƙirƙira. Jensen ta yi bincike, ta kuma bar wasu a labarin suna bambanta addinin budu da ƙungiyar masu kisan. Amma hoton da ke zama a kan mai wasa shi ne na nahiyar da ake ɗebo tsafi da masifa daga gare ta, alhali a Benin wannan addinin gargajiya ne na mutane masu yawa, har hukuma ta ware masa hutu a watan Janairu. Ba sai mutum ya yarda da wani addini ba kafin ya ga rashin adalci a mayar da mabiyansa dodanni. Labarin gotik ya fi gaskiya idan ya bar laifin a cikin gidan da ya aikata shi.

Gyara yana yiwuwa

Tun 1989 Ron Gilbert, wanda ya yi The Secret of Monkey Island, ya rubuta ƙa'idojin kauce wa waɗannan kurakurai: kada a bar mai wasa bai san abin da ake so ya yi ba, kada a toshe masa hanya saboda abin da ya manta a baya, kuma kowace matsala ta ciyar da labari gaba. Sababbin wasanni sun ɗauki darasin. Da yawansu suna da maɓallin da ke haska duk abin da za a iya taɓawa a ɗaki, wanda ya kawo ƙarshen farautar ɗigo. The Excavation of Hob's Barrow na 2022, labarin Thomasina Bateman mai tonon tsofaffin kaburbura a wani ƙauyen arewacin Ingila, yana riƙe maka jerin ayyukan da ke gabanka, don haka hankalinka yana kan mutanen ƙauyen da abin da suke ɓoyewa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, na 2018. Obra Dinn jirgin ruwa ne da ya ɓace ya dawo Ingila a 1807 babu mai rai a cikinsa. Kai ma'aikacin inshora ne, da agogon aljihu mai nuna maka daƙiƙar mutuwar kowace gawa, da littafi mai sunayen mutum 60. Dole ka gano wane ne kowa da yadda ya ƙare, ta hanyar karin harshensa, tufafinsa, wurin aikinsa, har da lambar shimfiɗar da yake kwana a kai. Wasan ba ya tabbatar maka da amsa sai ka dace da uku a lokaci ɗaya, saboda haka cinta ba ta da amfani. Yana da wuya ƙwarai, amma wuyar ta gaskiya ce: duk amsar tana gabanka.

Ga mai son gwadawa, shawarata ya fara da ɗaya daga cikin waɗannan biyun kafin ya koma ga tsofaffin. Ya sani cewa akwai karatu da yawa, galibi da Turanci, kuma akwai jini da tsafi da kisa, don haka ba na yara ba ne. Yawancinsu ba sa buƙatar kwamfuta mai tsada ko intanet bayan an sauke su. Ya ajiye takarda da biro a gefe, ya sa abin sauraro a kunne, ya yi haƙuri. In ya maƙale, ya tambayi kansa: abin da ya tsayar da ni, wani abu ne a labarin da ban gane ba, ko kuwa son zuciyar mai tsara wasan ne? In na farko ne, ya daure ya ƙara tunani, domin daɗin wasan ke nan. In na biyu ne, ya duba jagora ya wuce, don kada ƙofa ɗaya da aka kulle ba bisa ƙa'ida ba ta raba shi da labari mai kyau.