Farautar Ɓoyo a Kan Dutsen Kufena

Duk wanda ya san ƙasarmu ta Gene ya san ba mu da dutsen da za a hau. Daga nan har Malanbil, har gaɓar kogin Kwara, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, sai gonakin hatsi da auduga da fadamun shinkafa. Tsaunin Sokbaro, mai tsawon mita 658, wanda ake lissafa shi mafi tsawo a Benin, yana can wajen iyakar Togo, tafiya mai nisa. Shi ya sa yaranmu da yawa ke girma ba su taɓa tsayawa a bisa sun dubi gari a ƙarƙashinsu ba. A wannan wata muna kawo wa masu karatu labarin wani wasa da ke sa matasa hawan dutse da son ransu, da yadda muka gwada shi a Zariya, da kuma abin da ya kamata a kiyaye kafin a kawo shi gida.

Turawa na kiran wasan geocaching, mu kuwa mun sa masa suna farautar ɓoyo. Wani zai sami gwangwani mai murfi, ya sa ɗan littafi da fensir da ƙananan kayan kyauta a ciki, ya ɓoye shi a wani wuri, sa'an nan ya ba mutane lambobin wurin kamar yadda na'urar GPS ta nuna. Wanda ya gano shi zai rubuta sunansa da kwanan wata, in ya ɗauki abu ya ajiye wani a madadinsa, ya mayar da gwangwanin inda ya same shi.

Asalin abin daga Amurka ne. Kafin shekarar 2000, sojojin ƙasar na gurɓata saƙon taurarin GPS da gangan, har na'urar farar hula kan yi kuskuren wajen mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 shugaba Bill Clinton ya sa aka daina, kuskuren ya dawo kamar mita 10. Ran 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a daji a jihar Oregon don ya gwada, ya sanar da lambobin, cikin 'yan kwanaki aka gano shi. Yanzu irin waɗannan ɓoye-ɓoye sun wuce miliyan 3 a duniya, kuma wayar hannu ta isa, ba sai an sayi wata na'ura ba.

Biki ne ya kai mu Zariya a cikin hunturu, mu da samari tara. Da aka watse, sai muka ware yini guda don Kufena, dutsen nan da ke bayan Wusasa. Tun jajibere mutum biyu daga cikinmu suka hau suka ɓoye gwangwanin madara, suka dawo mana da lambobi a takarda. Bayan sallar asuba muka kama hanya da gorunan ruwa da ƙuli-ƙuli da dabino.

Daga nesa Kufena kamar ba wani abu ba ne, sai an sa ƙafa. Falalen dutse ne tsirara, wani wurin sai an haɗa da hannu, kuma mai silifas shi ya fi kowa shan wuya. Samarin da suka fara da gudu su suka fara neman wurin zama. Amma ba wanda ya ce a koma, don kowa idonsa na kan waya, yana ganin tazarar na raguwa, mita 400, mita 150, mita 30. A nan muka gane amfanin wasan, domin da hawan kawai aka ce a yi, da rabinsu sun tsaya a gindin dutse suna hira.

Da muka isa kusa, waya ta ce saura mita 6, daga nan ba ta ƙara taimakon kowa ba. Tsaga-tsagan dutse kuwa sun fi ashirin a wurin. Muka hana sa hannu a rami sai an fara zura sanda, saboda maciji da kunama. Kusan rabin awa ana lalube, sai mafi ƙanƙanta a cikinmu ya lura da wasu duwatsu uku da aka jera, jerin da ba iska ce ta yi shi ba.

Bayan an rubuta sunaye muka zauna kallo. Ga birnin Zazzau cikin hazo, ga Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga Wusasa a ƙasa, garin da 'yan mishan suka koma a 1929 da suka bar cikin birni, inda Janar Yakubu Gowon ya tashi. Masu tarihi na cewa a gindin wannan dutse sarautar Zazzau ta zauna bayan Turunku, kafin a kafa Zariya ta yanzu, kuma har yau akwai ragowar ganuwa a kewayen. Samarinmu sun ji sunan Sarauniya Amina a rediyo, amma sai ran nan suka yi ta jero tambayoyi a kanta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tun a mota suka fara shirin ɓoye gwangwanaye a Gene, mu kuwa muka ce a dakata. A ƙasarmu, in aka ga mutum yana tura wani abu ƙarƙashin dutse ko gindin kuka yana waige-waige, ba wasa za a ce yana yi ba, asiri za a ce ya binne, kuma irin wannan zargi ya sha raba zumunci. Na biyu ya fi wannan nauyi. A watan Fabrairu na 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya sun hallaka masu gadin daji da soja a gandun dajin W, wanda ke maƙwabtaka da mu. Tun daga lokacin, yaron da aka kama a daji da lambobin wuri a waya da gwangwani a hannu zai daɗe yana yi wa jami'an tsaro bayani, in ma an tsaya sauraronsa.

Saboda haka muka yi yarjejeniya da su. Ba za a ɓoye komai ba sai mai gari da mai wurin sun sani. Mazubin zai zama na roba wanda ake ganin cikinsa, da rubutu da Faransanci da Hausa da Dendi cewa wasa ne. Ba a binnewa a ƙasa. Ba a kusantar gada, ko barikin soja, ko shingen kwastan, ko hanyar Karimama da ta nufi gandun daji. Na farko za a ajiye shi ne a cikin gari, a harabar makaranta, in shugabanta ya yarda, don ƙanana su koyi karanta lambobin. Hawan dutse kuwa sai wani hunturun, kuma samarin sun fara tara kuɗin mota, suna gardama tsakanin Sokbaro da Dala ta Kano.