Tallafin DAFI: yadda ɗan gudun hijira ke shiga jami'a, da abin da ake jira daga gare shi

A sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, ko a Sayam Forage na jihar Diffa, ko a Dar es Salam da ke gefen Baga Sola a Chadi, yaron da ya ci jarrabawar gama sakandare murnarsa ba ta daɗewa. Firamare tana kusa, sakandare ma ana lallaɓawa a samu, amma jami'a tana birni, birni kuwa sai da kuɗin haya da na abinci da na mota. Iyayen da suka baro gona da dabbobi a Gwoza ko Baga ba su da abin sayarwa su tura shi. Alƙaluman Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato HCR, sun nuna cewa a 2019 kashi 1 cikin 100 ne kawai na matasan 'yan gudun hijira ke karatun gaba da sakandare. Zuwa 2023 adadin ya hau kashi 7, alhali a duniya baki ɗaya ya kai wajen kashi 40. Burin hukumar shi ne a kai kashi 15 nan da 2030.

Ɗaya daga cikin daɗaɗɗun hanyoyin cike wannan giɓi shi ne shirin DAFI. Gwamnatin Jamus ce ta kafa shi a 1992, HCR kuma ke tafiyar da shi tare da ƙungiyoyin da take aiki da su a kowace ƙasa. Sunan gajarta ce ta kalmomin Jamusanci, kuma an liƙa masa sunan Albert Einstein, masanin kimiyyar nan wanda shi kansa gudun hijira ya yi: da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 bai sake zama a Jamus ba, a Amurka ya ƙare rayuwarsa. Daga kafuwar shirin zuwa yau ɗalibai sama da 26,000 suka ci moriyarsa, kuma a 2023 kaɗai fiye da 9,000 ne ke karatu a ƙarƙashinsa a ƙasashe sama da 50.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne DAFI ba hanyar tafiya Turai ba ce. A ƙa'ida ɗalibi yana karatu ne a ƙasar da ta ba shi mafaka. Ɗan Minawao zai nufi irin su jami'ar Marwa ko ta Gaundare, na Diffa ko na ƙauyukan Maradi da suka karɓi mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019 zai nufi jami'o'in Nijar. Shirin yana biyan kuɗin rajista da na littattafai, yana kuma ba da abin abinci da haya da sufuri. Kuɗin rajistar ma ba shi ne babban nauyi ba. A jami'o'in gwamnati na Kamaru sefa 50,000 ne a shekara ga ɗan ƙasa. Abin da ke kayar da ɗalibi shi ne ɗaki, da tukunya, da kuɗin buga takardu wata bayan wata.

Sharuɗɗan shiga ba ɓoyayyu ba ne: takardar shaidar zama ɗan gudun hijira, sakamako mai kyau a jarrabawar BAC ko makamanciyarta, rashin hali, da kuma shekarun da ba su wuce 28 ba lokacin fara karatu. A sanarwar ƙasashe da dama akan ƙara da cewa mutum ɗaya ake ɗauka daga gida ɗaya. Sai kuma sharaɗin da ba a auna shi da takarda, wanda masu tantancewa ke nema a bakin ɗalibi lokacin ganawa: me ka taɓa yi wa jama'arka, me kuma za ka yi musu da wannan karatu?

Shekarar farko

Wanda ya ci wannan tantancewa ya ɗauka wahala ta ƙare, nan kuwa sabuwa ce ta fara. Ta farko harshe. Yaron da ya taso da Hausa ko Barbarci a gida, ya yi makaranta da Ingilishi, sai ga shi a zauren da malami ke zuba Faransanci ba ya waiwaye, ɗalibai ɗaruruwa suna rubutu. Akwai wanda zai kwashe watanni uku yana kwafar littafin maƙwabcinsa da dare kafin kunnensa ya buɗe. Ga shi kuma tallafin ba kyauta ce ta sau ɗaya ba. Duk shekara sai an ga sakamako kafin a sabunta, don haka faɗuwa jarrabawa na iya zama ƙarshen karatun gaba ɗaya.

Ta biyu kuwa ta fi wuyar faɗa. Kuɗin da aka ware wa ɗalibi don littafi da haya, a gida kallon albashi ake yi masa. Idan rabon abinci ya ragu a sansani, ko ƙanwa ta kwanta rashin lafiya, wayarsa ce za ta yi ƙara. Ba wanda zai ga laifin uwar da ta kira ɗanta, ba kuma wanda zai ga laifin ɗan da ya raba kuɗin abincinsa biyu ya aika rabi. Amma lissafin tallafin na mutum ɗaya ne, ba na gida ba. A nan ne ɗalibi ke fara koyon abin da babu shi a manhaja: ya san nawa zai iya aikawa ba tare da ya shiga aji da yunwa ba, ya kuma iya cewa kawunsa «Kawu, a yi haƙuri sai wata mai zuwa» ba tare da zumunci ya taɓu ba. Mai shekara 20 da ya iya wannan ya girma, ko da bai ci jarrabawa ko ɗaya ba tukuna.

Don rage wannan kaɗaici ne ɗaliban shirin ke kafa ƙungiyoyinsu a ƙasashe da yawa. Tsofaffi su nuna wa sababbi unguwar da haya ke da sauƙi, da ofishin da ake sabunta takarda, da malamin da ba ya yafe makara.

Aikin gayya da ke koyar da mai yinsa

Hidimar jama'a da shirin ke ƙarfafa wa ɗalibansa ba wani babban aiki ba ne a ido. Galibi darasin hutu ne ga 'yan ajin jarrabawa, ko tafinta a asibitin sansani tsakanin likita mai Faransanci da tsohuwa mai Hausa, ko taimaka wa ƙanne cike takardun neman makaranta, ko zagayen wayar da kai kan allurar rigakafi da tsaftar ruwa. Ana iya ɗaukarsa a matsayin biyan bashi, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda wuri ɗaya da aka ba wani, an hana wasu da dama. Sai dai wanda ya fi cin ribar aikin sau da yawa shi ne mai yinsa.

A ɗauki ɗalibin lissafi da ya koyi darasi da Faransanci, ya haddace, ya ci jarrabawa. Ranar da ya tsaya gaban yara talatin zai bayyana musu shi da Hausa, ranar zai san ko ya fahimta ko hadda ce kawai, domin yaro ba ya jin kunyar cewa bai gane ba. Haka ɗalibin shari'a. A aji ya karanta cewa dokar Kamaru ta 2005 kan 'yan gudun hijira ta ba su haƙƙin aiki da karatu da zirga-zirga. Sai ya raka wata bazawara neman takardar haihuwar ɗanta, ya ga kwana nawa ake yi tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ke shiga hannun mutum. Wannan ilimi ba a ba da maki a kansa, amma shi ke raba lauyan da zai amfani mutane da wanda ya iya jera ayoyin doka kawai.

Inda aikin ya fi tasiri shi ne wajen 'yan mata. Sama da kashi 40 cikin 100 na ɗaliban DAFI mata ne, amma kafin a kai ga jami'a 'yan mata da yawa sun riga sun fita daga layi tun a sakandare, ta hanyar aure ko talla ko aikin gida. Uban da ke shakkar barin 'yarsa ta ci gaba ba jawabin ma'aikacin ƙungiya ne zai sauya masa ra'ayi ba. Abin da ke sauya shi shi ne ya ga 'yar maƙwabcinsa ta dawo hutu daga Marwa da mutuncinta, ta durƙusa ta gaishe shi «Baba, ina wuni», sannan ta tara ƙannenta tana koya musu karatu a ƙofar gida.

Ba a rasa inda abin ke zama na ganin ido. Akwai mai zuwa rana ɗaya ya ɗauki hoto da tsintsiya don ya cika rahoto. Jama'ar sansani kuwa ba a yi musu wannan wayo, sun san wanda ya zo aiki da wanda ya zo hoto, kuma sunan da ɗalibi ya yi a wurinsu shi zai bi shi bayan ya gama.

Bayan digiri ne tambayar ta fi tsanani: a ina za a yi hidimar? Jarrabawar shiga aikin gwamnati a ƙasashen yankin ta 'yan ƙasa ce, don haka mai digiri da katin gudun hijira yakan kama koyarwa a makarantu masu zaman kansu, ko aikin wucin gadi da ƙungiyoyin agaji, ko sana'ar kansa. Wasu kuma hankalinsu na gida. Najeriya da Kamaru da HCR sun sa hannu kan yarjejeniyar mayar da masu son komawa a Maris 2017, kuma a 2021 an kwashi dubban mutane daga Minawao zuwa jihar Borno, ciki har da Banki. Garuruwan da ake sake ginawa suna buƙatar malamai da ma'aikatan lafiya, amma mai digirin Faransanci sai ma'aikatar ilimi ta tarayyar Najeriya ta tantance takardarsa kafin a karɓe ta a hukumance.

Ya kamata kuma a bambance. Bahaushen unguwar Briqueterie a Yawunde, ko na Zangon Kumasi, ɗan ƙasa ne, DAFI ba tasa ba ce. Akwai wasu ƙofofi gare shi, irin shirin tallafin karatu na gidauniyar Mastercard da aka fara a 2012, wanda ke aiki da jami'o'i kamar Ashesi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah a Gana. Can ma tambayar ɗaya ce ake yi wa mai nema: me ka yi wa mutanenka?

Ga mai niyyar neman DAFI, ofisoshin HCR da ƙungiyoyin da ke aiki da ita ne ke fitar da sanarwa idan an buɗe, kuma guraben sun dogara ga kuɗin da masu bayarwa suka saka a shekarar, don haka yawansu yana hawa yana sauka. Neman kyauta ne, ba a biyan ko dala, duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunan wani ɗan damfara ne. Abin da ɗalibi zai tanada tun yana ajin ƙarshe shi ne katinsa da bai ƙare aiki ba, da takardun sakamakonsa na kowace shekara, da shaidar shugaban makaranta ko na unguwa kan aikin da ya riga ya yi wa jama'a kafin a buɗe neman.