Marubuta mata da labaran aikata laifi: abin da kyauta ɗaya ta yi a Ostareliya

Idan dare ya raba a Takur, yara sun yi barci, an kife tukwane, da yawanmu waya muke jawowa mu duba ko marubuciya ta saki sabon shafi a zauren WhatsApp. Sunan da aka laƙaba wa littattafan nan shi ne "na soyayya". Amma ki tsaya ki tuna guda biyar na ƙarshe da kika karanta. A nawa aka zuba wa kishiya guba? A nawa aka sace yaro, ko aka cinye gadon marayu, ko wani na cikin gida ya lalata yarinya aka ce a rufa? Matan Hausa sun daɗe suna rubuta labarin laifi, sunansa kawai ba a kira ba.

A Ostareliya mata sun kira sunan, har suka yi masa kyauta. A 1991 wasu marubuta da makaranta suka kafa ƙungiyar Sisters in Crime a birnin Melbourne. Da ƙungiyar ta cika shekara goma, a 2001, sai suka ƙirƙiro kyautar Davitt domin littattafan laifi da bincike waɗanda matan ƙasar suka rubuta, saboda ganin da suka yi ba a cika waiwayar aikin mata ba idan an zo rabon lambobin yabo.

Sunan kyautar ma labari ne. Ellen Davitt malamar makaranta ce wadda ta rubuta Force and Fraud a 1865, littafin da ake lissafawa a matsayin na farko a ƙasar mai labarin kisa da neman wanda ya yi. Ta rasu a 1879, aka manta da ita fiye da shekara ɗari, kafin masu bincike su tono aikinta. Yau kyautar da ke ɗauke da sunanta tana da rukunai: littafin manya, na matasa, na yara, na labarin gaske, na sabuwar marubuciya, da kuma wanda makaranta 'yan ƙungiyar ke zaɓa da ƙuri'arsu. Jane Harper ta ci a 2017 da littafinta na farko, The Dry, labarin kashe-kashe a wani ƙauye da fari ya galabaita. Daga baya aka mayar da shi fim.

Mu ma ba baƙi ba ne a harkar gasa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda aka buga a 1980, ta gasar kamfanin NNPC na Zariya ya fito. Sai dai idan ana maganar littafin laifi zalla, sunayen maza ake fara kawowa: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, duka na 1982, masu cike da fasa-ƙwauri da bindiga da manyan ɓarayi. Laifin da mata ke rubutawa na cikin ɗaki ne, wanda ba shi da ƙara, shi ya sa ake ɗaukarsa rikicin gida.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata kaɗai, ta nuna hakan ƙarara. Labarin da ya zo na ɗaya a 2021, "Haƙƙina" na Aishatu Musa Dalil, a kan yarinya ne da mijin mahaifiyarta ya yi wa fyaɗe, uwar kuma ta zaɓi ɓoye maganar. Wannan labarin laifi ne daga farkonsa har ƙarshensa. A kudu kuwa, Oyinkan Braithwaite ta fitar da My Sister, the Serial Killer a 2018, har ya shiga jerin farko na gasar Booker a 2019.

To me za a ƙaru da shi idan an ware wa wannan fanni kyautarsa? A nan ne nake da ƙorafi a kan littattafanmu, ni da nake cikin masu sayensu. Marubutanmu sun iya zayyana zalunci har ki ji hawaye na bin kumatunki. Amma da an aikata laifin, sai labari ya karkata: a yi kuka, a yi haƙuri, a bar wa Allah, can a shafi na ƙarshe azzalumi ya haukace ko mota ta take shi. Ba mai musun sakayyar Allah. Abin da ba mu cika gani ba shi ne wadda ta tashi ta bi sawu. Wa ya shiga ɗakin? Ƙarfe nawa? Me ya sa maganar direba ta saɓa da ta mai gadi? Littafin bincike a kan waɗannan tambayoyi yake tsayawa, kuma marubuciya ba za ta iya shi ba sai ta san yadda ake shigar da ƙara, abin da likita ke dubawa, da irin shaidar da alƙali ke karɓa.

Uwa mai karatu kuma tana tsintar wannan sani ba tare da an zaunar da ita a aji ba. Sau nawa kika karanta a littafi cewa idan an ci zarafin yarinya, kada a yi mata wanka ko a wanke kayan jikinta kafin a kai ta asibiti? Ko cewa maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani? Ni dai ban taɓa cin karo da shi a zauren da nake ba, alhali an yi mana labarin fyaɗe ya fi a ƙirga. Jihar Jigawa ta sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a tun 2021, kuma akwai cibiyar kula da waɗanda aka ci zarafinsu a Babban Asibitin Dutse. Ina jaruma a littafi da ta taɓa taka ƙafa can?

Na san abin da wata za ta ce: irin wannan rubutu ba zai koya wa yara mugunta ba? Tsoron yana da tushe, domin akwai masu fakewa da "faɗakarwa" suna zuba batsa don a saya. Amma wannan ma hujjar yin kyautar ce. Inda akwai alƙalai da ƙa'ida, ana bambance mai tona asirin azzalumi da mai sayar da tsiraicin wadda aka zalunta. Matan Ostareliya har rukunin yara suka ware.

Kuma ba sai an jira gwamnati ba. Kafin Davitt, tun 1994 ƙungiyar nan take shirya gasar gajerun labarai mai suna Scarlet Stiletto, da aikin sa kai na mambobinta. Dutse tana da jami'ar tarayya, tana da gidajen rediyo da za su iya karanta labaran da suka yi fice, ga marubuta mata daga Haɗeja zuwa Birnin Kudu da ke sakin shafuka kullum. Alƙalai uku sun isa a fara: malamar adabi, lauya, da ma'aikaciyar jinya da ta san abin da ake gani a ɗakin gaggawa. Rukunin zaɓin makaranta kuwa, wannan a bar mana shi, mu masu raba dare da waya a hannu.