Inda Allurar Kashe Zafi Take Bi Bayan Aikin Sauya Gwiwa

Aikin sauya gwiwa tiyata ce da ake yi wa wanda guringuntsin gwiwarsa ya cinye har ƙashi yana gogar ƙashi, inda likita yake kankare bakin ƙasusuwan ya ɗora musu ƙarfe da roba mai tauri. Aiki ne na manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma mutumin Takanamat ko wani ƙauye na arewacin Adar, a jihar Tawa ta Nijar, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya kai gare shi. Amma magungunan da ake kashe zafinsa da su ba baƙi ba ne a jihar Tawa, domin da lidokayin ake ɗinke rauni da cire haƙori a ƙananan gidajen likita, da bufibakayin kuma ake yin allurar baya ga mai haihuwa ta fiɗa ko mai karaya a babban asibitin Tawa da asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Abin da ya bambanta aikin gwiwa shi ne yawan maganin da ake zubawa, shi ya sa yake bayyana sosai yadda jiki yake sarrafa shi.

Jijiya tana kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ne ta hanyar buɗe wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam yake shiga ta cikinsu, maganin kuwa yana ratsa bangon jijiyar ya toshe ƙofofin daga ciki, sai saƙon ya tsaya alhali majiyyaci yana farke. A aikin gwiwa akan fara da allurar baya, wadda ba ta cika wuce miligiram 15 na bufibakayin ba kuma takan saki ƙafafu bayan sa'o'i biyu zuwa uku. Daga nan likitan fiɗa yakan tsattsaga naman da ke kewaye da gaɓar da rofibakayin, har miligiram 300 ko 400, haɗe da adirenalin, bisa dabarar da likitoci biyu na birnin Sidni a Ostareliya, Kerr da Kohan, suka wallafa a 2008.

Jiki ba ya rusa wannan magani a wurin da aka zuba shi. Ƙananan hanyoyin jini ne suke tsotse shi sannu a hankali, kuma saurin tsotsar ya dogara da yawan jinin da ke gudana a wurin. Amfanin adirenalin ke nan, domin yana matse hanyoyin jinin, maganin ya daɗe a gwiwa ya kuma shiga jini kaɗan-kaɗan. Saboda wannan jinkiri, yawansa a cikin jini ba ya kai maƙura sai sa'o'i bayan an gama aiki, lokacin da majiyyaci ya koma ɗakin kwanciya kuma dangi sun ɗauka an wuce wurin haɗari.

Da shigarsa jini, huhu yakan riƙe wani kaso na ɗan lokaci, sannan wani furotin da hanta take ƙerawa ya kama mafi yawan sauran: kusan kashi 94 cikin 100 na rofibakayin da kashi 95 na bufibakayin suna yawo a ɗaure, lidokayin kuwa kimanin kashi biyu cikin uku. Ɗan ragowar da yake sake shi kaɗai yake iya shiga ƙwaƙwalwa da zuciya. Wani abin sha'awa shi ne bayan tiyata jiki yakan ƙara yawan wannan furotin, don haka ko da jimillar maganin ta ƙaru a jini, sakakken kason ba ya ƙaruwa sosai. Jariri sabon haihuwa da mace mai ciki suna da ƙarancinsa, abin da ya sa ake rage musu awo.

Hanta ce take yin babban aikin. Sinadaranta masu suna CYP1A2 da CYP3A4 suna sauya ƙirar maganin su mai da shi abin da ke narkewa a ruwa, ƙoda kuma ta fitar da shi a fitsari, inda kusan kashi 1 cikin 100 na rofibakayin kaɗai yake fita ba a sauya shi ba. Rabin abin da ke cikin jini yakan gushe cikin sa'o'i biyu zuwa huɗu ga mai lafiya. A nan ne maganar ta shafi mutanen Adar kai tsaye, domin Nijar tana cikin ƙasashen da cutar hanta nau'in B ta yi yawa, kuma da yawa masu ɗauke da ita ba su taɓa yin ciwon shawara ba balle su sani. Hantar da ta ƙeƙashe tana jinkirin rusa maganin, haka ma zuciya mai rauni wadda ba ta tura isasshen jini zuwa hanta, haka ma tsufa, kuma tsofaffi ne aka fi yi wa aikin gwiwa. Ƙwayoyi su ma suna da tasiri: sifurofulokzasin, da ake saye a wurin masu tallan magani ba tare da takardar likita ba, yana rage saurin fitar rofibakayin, rifamfisin na tarin fuka kuma yana ƙara shi. Majiyyacin da ya ɓoye wa mai ba da allura abin da yake sha, ko na kanti ko na gargajiya, ya hana shi lissafin da ya kamata ya yi, kuma lissafi ne na gaske, tun da lidokayin zalla ba a wuce miligiram 4.5 ga kowane kilo na nauyin mutum, ko 7 in an haɗa da adirenalin. Awon da ya dace da ƙato yana iya yi wa tsohuwa ramammiya yawa.

Idan sakakken maganin ya yi yawa a jini, ko don allura ta faɗa cikin jijiyar jini ko don hanta ta gaza, alamun farko su ne mutuwar leɓe da harshe, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri da sambatu, sannan jijjiga irin ta farfaɗiya, daga bisani bugun zuciya ya rikice. Bufibakayin ya fi sauran haɗari ga zuciya domin yana manne wa ƙofofinta ya daɗe bai saki ba, matsalar da likita George Albright ya ja hankali a kanta a 1979, wadda kuma ta kai ga fitowar rofibakayin a 1996. Irin wannan guba ba ta cika faruwa ba, kuma tana da magani: ana ba da iskar oksijin, a tsayar da jijjigar, a ɗura ruwan mai fari mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ta jijiya, wanda yake janye maganin daga zuciya. Guy Weinberg ne ya nuna haka a kan ɓeraye a 1998, aka kuma ba da rahoton ceton mutum na farko da shi a 2006. Mai jinya da ke zaune a gefen gado a daren farko shi ne yakan fara jin majiyyaci yana cewa bakinsa ya mutu ko kunnensa yana ƙara, kuma a lokacin ne ya kamata ya kira ma'aikacin asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.