Ɗan Aike Daban, Mai Aike Daban

Tun da harkar kirifto ta shiga hannun matasanmu, akwai wani sakaci da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shafi ya ce wa mutum "sa hannu kawai, babu kuɗin gas", sai ya danna bai karanta ko harafi ɗaya ba. Wai tunda ba a cire masa ko sisi ba, ai ba abin da ya fita. Haba jama'a!

A Ethereum akwai tsarin da ake kira ERC-2771. Kai kake sa hannu a kan saƙo da walat ɗinka, wani ɗan aike ya ɗauka, ya biya gas, wato kuɗin aikawa, ya kai. Shi ya sa idan ka leƙa shafin Etherscan, adireshin da ke gurbin mai turawa na ɗan aiken ne. Kafin saƙon ya isa, wani amintaccen kwantiragi, wato manhajar da ke kan Ethereum, yana tantance sa hannun, sannan ya liƙa adireshin mai shi, bayit 20, a wutsiyar saƙon. Wannan wutsiyar ce kaɗai shaidar waye ya yi aiken.

Ko ita ma an taɓa yi mata kutse. A Disambar 2023 kamfanin thirdweb ya sanar cewa kwantiragin da ya haɗa ERC-2771 da wani tsarin mai suna Multicall yana bai wa ɓarawo damar liƙa adireshin wani, ya yi aiki da sunansa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yashe wani kuɗin kirifto mai suna TIME ta wannan ɓarakar.

Wannan laifin masu rubuta manhaja ne. Namu ya fi ban haushi, domin mu ke miƙa wuya da kanmu. Sa hannun nan na "kyauta", musamman irin na Permit, izini ne cikakke. Ɓarawo zai ajiye shi, ya biya gas da aljihunsa, ya kwashe kuɗinka kana barci, kuma a wajen kwantiragin kai ka ba da umarni. Ba kotun da za ka kai ƙara a dawo da su.

Don Allah, kafin ka danna, duba wa ake ba izinin, nawa ne, kuma yaushe zai ƙare. In ka ga jerin lambobi marasa iyaka a gurbin adadi, fita. Ware walat maras kuɗi domin farautar eyadirof, sannan ka riƙa shiga shafin Revoke.cash kana soke tsofaffin izinin da ka manta da su.