Izinin Shugaba da Aikin Sa Kai a Arewacin Zamfara

Aikin sa kai, wato hidimar da mutum yake yi wa jama'a da ra'ayin kansa ba don a biya shi ba, tsohon abu ne a ƙasar Zamfara, domin gayya ta riga ofis da albashi zuwa. Baƙon abu shi ne ma'aikacin da lokacinsa yake hannun wani, wanda ba ya barin bakin aiki sai da izini. A Ingila da Amurka kamfanoni da yawa sun sanya wannan izini cikin ƙa'idar aiki, suna ba ma'aikaci 'yan kwanaki a shekara ya yi wa al'umma hidima ba tare da an taɓa albashinsa ba. A Nijeriya abin da ya fi kama da haka shi ne tsarin bautar ƙasa na 1973, inda ake sakin matashi rana guda a mako domin ayyukan raya al'umma.

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi kuwa, inda masu albashi suka haɗa da malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983, izinin galibi na baka ne, kuma a nan rabon maza da na mata yake bambanta. Hidimar namiji a fili take: ɗan agajin Izala ko na Jama'atu Nasril Islam yana tsaye da kakinsa a filin Idi, wataƙila ma shugabansa yana cikin sahu, saboda haka uzurinsa ba ya bukatar dogon bayani.

Hidimar mace kuwa tana bayan zauren da aka rubuta wa "ba shiga", inda idon shugaba ba ya kaiwa, alhali kuwa a can aiki mai nauyi yake. Matan da UNICEF ta fara ɗauka a 2012, bisa ɗan alawus, su ne suka riƙa bin gida-gida suna lallashin iyaye kan rigakafin shan-inna, har aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka a Agustan 2020. Amma malamar makaranta ko ungozomar asibiti da take son irin wannan hidima izini biyu take nema, na ofis da na maigida, sannan girki da raino suna jiranta da yamma. Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, izini na biyun ya fi na farko wuyar samu.